Taga a Kan Kyarkeci

Kure, 2 ga Maris, 1978

Zuwa ga Farfesa Odagiri Masatsune,

Shin sai mutum ya zauna a ajin jami'a kafin idonsa ya iya bambance kyarkeci da karcen ƙusa?

Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba. To ga gaisuwar: sanyi ya fara sassautawa, ina fatan Malam da iyali suna cikin ƙoshin lafiya. Shi ke nan, na sauke.

Sunana Iwanaga Rinpei, shekarata ashirin da shida. Walda nake yi a wurin ƙera jiragen ruwa a nan Kure, amma ni ɗan Hirado ne. Malam bai san ni ba. Ya dai san kawuna, Kuboyama Seizo, wanda ya shekara talatin yana wasa masa takubba. Ya kuma san takobin da zan yi magana a kai, tunda da sa hannunsa gidan tarihin lardinmu ya ce ba ya so.

Guguwar bara ta yaye rufin tsohon ɗakin ajiyar gidanmu. Da masu gyara suka hau a watan Disamba sai suka tarar da takobi naɗe cikin tsumma, an cusa shi a bayan azara. Miƙaƙƙe ne, baki biyu, tsawonsa daga ƙasa har cibiyata, ƙotarsa da kwandon ƙarfe mai kare hannu. Kakannin mahaifina su ne suke kai wa jiragen mutanen Holan ruwan sha da itacen wuta, kowa a unguwarmu ya san wannan. Na je gida hutun sabuwar shekara na gan shi da idona. Taƙi ɗaya ƙasa da ƙota, a ƙarƙashin tsatsa, akwai kyarkeci yana gudu. Layi bakwai ne ko takwas, an sassaƙa su an cika da tagulla. Hatimin maƙeran Passau ne a ƙasar Jamus, wanda na Solingen suka ara daga baya. Shekara takwas ina kallonsa a littattafai. Jamusancin da na karanta su da shi, da ƙamus na koye shi a lokacin hutun cin abinci, abokan aiki suna jifana da ɓawon lemo suna kirana Baturen walda. Ga zanen da na yi da fensir ranar da na gan shi, na haɗo.

Ni na kai rahoto wurin 'yan sanda kamar yadda doka ta ce. Kwamitin rajista ya duba, ya ce ba takobin Japan ba ne, don haka ba za a ba shi takarda ba. Ban yi musu ba, aikinsu ke nan. Abin da ya rage biyu ne: ko gidan tarihi ya karɓe shi, ko kuma ranar 28 ga Afrilu a sa shi a injin yankan ƙarfe a raba shi uku. Na san injin. Kusa da irinsa nake tsayawa kullum. Ba ya ɗaukar daƙiƙa goma.

Takardar gidan tarihi ta ce wai kayan wasan kwaikwayo ne, ko kwaikwayon takobin soja na zamanin Sarki Meiji, ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Malam, na karanta littafinka, har da babi na tara da ka yi a kan makaman Turai. A shafi na 212 an kifa hoton kwalkwali, gaba ya koma baya, wanda ya sa shi haka sai dai ya yi yaƙi da ƙeya. Kurakurai goma sha ɗaya na ƙirga a babin nan. Ba don su na rubuto ba. Na faɗa ne don ka san ba surutun mashaya nake yi ba.

Roƙona ɗaya ne. Takobin yana ɗakin ajiyar 'yan sanda a Hirado. Ka koma ka duba taƙi ɗaya ƙasa da ƙota, ka karkata shi ga haske.

Da girmamawa,
Iwanaga Rinpei

*

Fukuoka, 8 ga Maris

Zuwa ga Iwanaga Rinpei,

A wannan lokaci da itatuwa suka fara toho, ina yi maka fatan lafiya da ƙarin himma. Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta ta da sha'awa. Abin farin ciki ne a ga matashi mai aikin hannu yana leƙa littattafai. Ƙasar nan tana buƙatar irinku.

Na ga takobin ranar 20 ga Fabrairu, da rana tsaka, da madubin ƙara girma. Daidai wurin da ka ambata babu ko tsatsa, balle kyarkeci. An buɗe taga a wurin, wato an wasa ƙarfen kamar faɗin tafin hannu har ya yi fes don a ga cikinsa. Aiki ne mai kyau, irin wanda mutum ɗaya ne kawai a lardinku yake iya yi. A cikin tagar ban ga layin tauri ba, ban ga zaren ninkin ƙarfe irin na takubbanmu ba. Shafaffen ƙarfe ne da ba ya ba da labarin komai.

Gidan tarihi ba ya karɓar kaya a kan abin da wani ya ce ya gani. Zanenka yana da kyau, sai dai ya yi kama ƙwarai da na cikin littattafai. Wanda ya ƙwallafa rai a kan abu yakan gan shi a cikin tsatsa, kamar yadda yara suke ganin doki a gajimare. Wannan ba abin kunya ba ne, duk mun yi ƙuruciya.

Game da shafi na 212, laifin maɗaba'a ne, an gyara a bugu na biyu.

Ka gaishe mini da kawunka. Ka kula da lafiyarka a wannan canjin yanayi.

Odagiri Masatsune

*

Kure, 11 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan gwiwarka ta yi sauƙi. A gaishe da Inna.

Wace taga?

Farfesa ya rubuto mini cewa an buɗe taga taƙi ɗaya ƙasa da ƙota, wai aikin da mutum ɗaya ne kawai a lardinmu yake iya yi. Na zauna ina ta neman wani mutum ɗayan da ba kai ba, ban samu ba.

Takobin nan ya kusa shekara ɗari huɗu. Ya tsallake teku biyu. Ya tsira daga masu binciken shogun, sarkin yaƙin zamanin da, ya tsira daga sojojin Amurka da suka bi gida gida suna kwashe takubba, ya tsira daga gara da gishirin teku da guguwa. Sai da ya zo hannun masani. Ku mutanen dutsen wasa takobi ba ku iya ganin ƙarfe ku bar shi ba, sai kun goge shi kun ga fuskarku a ciki. Ƙarfe mai tsawon kamu biyu, ko'ina akwai wuri, ka rasa inda za ka ɗora dutse sai a kan abu ɗaya tak da yake faɗin sunansa?

Yanzu ni ne mahaukacin da yake ganin doki a gajimare. Haka ya rubuta, Kawu, da tawada mai kyau.

Ka gaya mini ba kai ba ne. In kuwa kai ne, ka gaya mini me ya sa. Saura kwana arba'in da takwas.

Ɗanka,
Rinpei

*

Hirado, 15 ga Maris

Rin,

Iska ta juya kudu, masunta sun fara fita da sassafe. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Innarka lafiya lau, tana shanya dankali.

Ni na buɗe tagar.

Takobi mai tsatsa in za a kai shi gaban masu dubawa, ana buɗe masa taga, kamar yadda ake wanke wa yaro fuska kafin a fito da shi gaban baƙi. Kuma inda aibi yake nan ake buɗewa, don a ga iya zurfinsa. Haka malamina ya koya mini, haka nasa ya koya masa. Na ga karce a wurin, na buɗe a wurin.

Ka ce kada in taɓa ƙota. Sau uku ka faɗa, har kana nuna ni da sandar cin abinci. "Kawu, wannan ba irin naku ba ne, ba shi da ƙusar gora da za a zare, in ka buga shi ka karya shi." To ban taɓa ba. Na zagaya ta ina neman ƙusar don in tabbatar, ban samu ba, na bar ta. Kwana huɗu ka yi a gidan nan. Ka ci, ka sha, ka yi mini wa'azi a kan sulken mutanen Milan har shayina ya huce sau biyu. Ba ka ce mini akwai kare a jikin ƙarfen ba.

Kuma ranar da ka ce za ka je wurin 'yan sanda, na ce maka a mayar da shi bayan azara, wanda ya sa shi can ya san abin da yake yi. Ka ce ni tsoho ne mai tsoron takarda.

Ban faɗi waɗannan don in wanke kaina ba. Hannuna ne ya riƙe dutsen, ba na kowa ba. Kada ka ƙara damun Farfesa. Mutum ne mai ayyuka.

Da wasiƙarka ta zo innarka ta ga jan biro a bayan ambulan. Ta ce, "Yaya, me ka yi wa yaron nan har ya rubuto da ja?"

Na ce, "Karensa na kashe."

Ta ce, "Rin ai ba shi da kare."

Na ce, "Yanzu kam ba shi da shi."

Ta ce mu biyun duk ba mu da aikin yi. Ta ce in gaya maka ka zo ziyarar kabarin mahaifinka ranar 21, bara ba ka zo ba, kuma ka zo da wandon da ba shi da ƙunar walda. Ga busasshen kifi ta ba ni in haɗo.

Ka kula da idanunka a wurin aiki.

Seizo

*

Kure, 24 ga Maris

Kawu,

Na iso lafiya. Jirgin ruwan ya yi ta tangaɗi har Inna ta yi gaskiya da ta ce kada in ci da yawa. Na gode da masauki, ko da yake kwana biyun nan kalmomin da ka yi mini ba su kai ashirin ba. Tunda ba ka son magana baki da baki, ga ta a takarda.

Bayan mun dawo daga kabari na ce muku zan je wurin aboki. Ofishin 'yan sanda na je. Tsohon sajan ɗin nan mai haƙorin azurfa ne a bakin aiki.

Ya ce, "Kai ne mai takobin Bature? Ɗan gidan Iwanaga? Kai, ka girma. A da kai muke kora daga kan katangar tashar jirgi."

Na ce ina son ganinsa.

Ya ce, "Minti goma. Kuma kada ka sare ni, saura wata uku in yi ritaya." Da ya zaro shi sai ya ce, "Kawunka ya yi masa madubi, ni har gashin bakina nake dubawa a ciki. Wai da gaske ne za a yanka? Asara. Da sun ba ni in riƙa saran kabewa."

Na kai shi bakin taga na karkata shi. Aikinka ne, ba wanda zai ce ba naka ba. Amma gefen tagar na wajen ƙota ba a gama shi ba. Gefe uku sun miƙe sar kamar an ja da zare, na huɗun ya tsaya a karkace, kamar mai shara da aka kira shi ya yar da tsintsiya. Kuma daidai nan akwai ɗigon tagulla, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙarshen wutsiya ne. Farfesa da madubinsa bai gan shi ba, ko kuma ya gani. Kai da ka taɓa mayar da takobin wani attajiri kan dutse wata guda saboda layin da ba mai gani sai kai, ka bar gefe a karkace? Wani abu ya tsayar da hannunka.

Na biyu. Tun ina yaro ban taɓa ganin ka ɗora dutse a kan ƙarfe ba sai ka fara ɗaukar sawunsa: ka shimfiɗa siririyar takarda, ka goga busasshiyar tawada a kai har duk abin da ke jikin ƙarfen ya fito, ka sa lamba, ka ajiye. Na buɗe akwatin lokacin da kake wanka. E, na buɗe. Akwai ta 1,406, akwai ta 1,408. Ka tuna abin da muka yi da na tambaye ka?

"Kawu, ina ta bakwai?"

"Ɓera."

"Ɓera ya ci guda ɗaya tak daga tsakiya, ya bar na sama da na ƙasa?"

"Ɓeran gidan nan mai tarbiyya ne. Ba ya buɗe akwatin mutane."

Inna ta yi dariya har ta ƙware. Ni ban yi ba. In takardar nan tana nan, kyarkecin yana kanta ɗungum, da kwanan wata da hatiminka, kuma ba wanda ya isa ya ce daga littafi aka kwafo shi.

Na uku, kuma wannan nawa ne. Ka ce ban gaya maka akwai kare ba. Gaskiya ne, kuma ba mantuwa na yi ba. Da gangan na yi shiru. So nake in rubuta shi a mujallar ƙungiyar masu nazarin makamai, a buga da sunana, Iwanaga Rinpei, mai walda, wanda bai gama sakandare ba. Na san in na gaya maka, kafin sati ka gaya wa Farfesa, sai in ga abina a bugu na uku da sunansa a ƙasa. Kalma ɗaya da zan faɗa maka a kan tabarma ranar sabuwar shekara ta isa. Na riƙe ta don in ga sunana a takarda. To ga shi na gani, a takardar yanka.

Na rubuta wa sakataren ƙungiya ina neman minti goma a taron bazara, ranar 16 ga Afrilu a Fukuoka. Da takardar ko babu zan je. In babu, zan tsaya da zanen fensir su yi dariya. Na saba, a nan da ɓawon lemo ake haɗawa.

Af, bugu na biyun littafin Farfesa ne da ni. Kwalkwalin yana nan a kife.

A gaishe da Inna. Ka riƙa shafa maganin gwiwar nan, na gan shi ko buɗe shi ba ka yi ba.

Rinpei

*

Fukuoka, 29 ga Maris

Zuwa ga tsohon abokina Kuboyama Seizo,

Furanni sun fara buɗewa a bakin kogi, na tuna shekarar da muka gan su tare a Hirado. Ina fatan hannu da ido suna nan yadda na san su.

Sakataren ƙungiya ya shaida mini cewa ɗan ƙanwarka ya nemi a ba shi lokaci a taron bazara. Ba zan hana ba, ƙofar ƙungiya a buɗe take. Sai dai yaro ne mai zafi, kuma zauren nan ba ya mantuwa.

Katin da na aiko maka a watan Janairu magana ce tsakanin abokai, a tsaye na rubuta shi a tashar jirgin ƙasa. Ba hukunci ba ne. Na tabbata ba ka ajiye irin waɗannan ƙananan takardu. Abin da yake damuna kai ne. In aka tono maganar, mutane ba za su tambayi wa ya rubuta kati ba, za su tambayi hannun wa ya riƙe dutse. Shekara hamsin ka yi kana gina sunan nan. Kuma ka san a watan Mayu kwamitin karrama masu sana'ar gargajiya zai zauna, na riga na miƙa sunanka.

Takobi ɗaya na Turawa, ko da ya kasance abin da yaron yake zato, yanzu ba shi da shaida. Ka lallashe shi. Matasa suna jin maganar wanda ya rene su.

Ka huta lafiya, sai mun haɗu.

Odagiri

*

Hirado, 4 ga Afrilu

Rin,

An yi ruwa kwana biyu, yau rana ta fito. Na buɗe maganin gwiwar. Wari gare shi.

A cikin ambulan ɗin nan akwai abu uku. Ka wanke hannu kafin ka taɓa su. Na farko ita ce ta 1,407. Ɓera ya dawo da ita. Na biyu kati ne. Na uku wasiƙar da Farfesa ya aiko mini makon jiya, ka karanta ta a zaune.

Ga yadda aka yi. Bayan ka koma Kure na ɗauki sawun takobin, biyu na ɗauka. Da layukan suka fito a takarda sai na ga duk gefe ɗaya suka nufa. Karce ba ya tafiya gefe ɗaya kamar mai sauri. Ban san mene ne ba. Ni takubban ƙasar nan na sani, su kuwa maƙeri a can cikin ƙota yake sa sunansa, inda ba a gogewa har abada. Ban taɓa jin maƙerin da zai sa sunansa a fili inda dutse yake bi ba. Na yi tunanin in tambaye ka. Sai na ce, yaron da na koya wa riƙe sandar cin abinci? Na aika wa wanda ya rubuta littafi guda ɗaya daga cikin biyun. Amsarsa ce a katin. Gajeriya ce, ka gani: "Na ga sawun. Karcen ajiya ne, ƙusa ko ƙarfen azara. Buɗe tagar a nan."

Na buɗe. Da safe ne, ana sanyi, na zuba ruwan ɗumi a bokiti. Dutse na farko ya ɗauke tsatsa. A na biyu, da na ɗaga ƙarfen in wanke, sai na ga ƙyalli rawaya a kan dutsen, kamar an barbaɗa gari. Ƙusa ba ta barin tagulla, Rin. Wannan ko almajirin wata uku a sana'ar nan ya sani. Na duba ƙarfen, saura wutsiya. Na zauna a wurin har ruwan bokitin ya yi sanyi.

Abin da na yi bayan haka shi ne ya fi muni. Na ɗauki sauran duwatsun na gyara tagar ta yi kyau, don kada masu dubawa su ga rabin aiki su tambaya. Gefe uku na gama. Na huɗun hannuna ya ƙi.

Ka tambaya me ya sa na yi shiru. Bayan yaƙi, lokacin da ake loda takubba a kwalekwale ana zubarwa a teku, ni wuƙaƙen masu sayar da kifi nake wasawa a bakin kasuwa. Farfesan nan, yana ɗalibi, shi ya zo da takobin wani wurin ibada a naɗe cikin bargo ya ce, "An ce kai ne Kuboyama." Daga ranar na koma kan dutsena. Mutumin da ya yi maka haka ba ka tsayar da shi a gaban jama'a saboda kati. Haka na ɗauka, kuma da ya yi shiru da har yau haka nake ɗauka.

Amma ka ga inda ya ce ya tabbata ba na ajiye irin waɗannan ƙananan takardu. Shekara talatin yana aiko mini da kati. Duk suna nan a akwatin katako, a jere, shekara bi shekara, har wanda ya rubuto "Na gode" kawai. Innarka takan ce ko wasiƙun marigayiya matata ban adana haka ba. Ashe bai sani ba. Bai taɓa tunanin haka ba ma. Na karanta layin nan sau uku, sannan na tashi na ɗauko akwatin.

Maganar Mayu kuwa, su riƙe abinsu. Bango ɗaya gare ni, kalanda na kai.

Zan zo Fukuoka ranar 16. Innarka ta fito da baƙar rigata ta shanya, duk gidan warin kafur yake. Ta ce, "Yaya, biki za ka ko jana'iza?" Na ce sai na dawo zan sani.

Sharuɗɗana uku. Ni zan fara magana, kuma da nawa laifin zan fara. Ba za ka ɗaga murya ba. Ba za ka ambaci kurakurai goma sha ɗayan nan ba, ko kwalkwalin. Takobi muka je ceto, ba mutum muka je yankawa ba.

Kuma ka yi aski.

Na daɗe ina kallon takardar kafin in naɗe ta. Kare ne mai kyau. Wanda ya yi shi da layi takwas ya san aikinsa.

Seizo

*

Kure, 8 ga Afrilu

Zuwa ga Farfesa Odagiri Masatsune,
kwafi ga sakataren ƙungiya da shugaban gidan tarihi,

Furanni sun fara zuba. Ina fatan Malam yana lafiya, ina kuma yi masa fatan tsawon rai. Wannan karon na fara da gaisuwa, har ta rufewa na haɗa a nan, don kada ta tsaya mini a hanya.

Ranar 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana, an ba ni minti goma. Kawuna Kuboyama Seizo zai tashi ya ce hannunsa ne ya goge hatimin. Ni zan tashi in ce na gan shi tun ranar sabuwar shekara na yi shiru don son suna. Minti huɗu sun ishe mu. Daga nan za mu ɗora abu biyu a kan tebur: sawun takobin mai lamba 1,407, da kati mai hatimin gidan waya na 19 ga Janairu. Sauran minti shidan na Malam ne.

Ba zan ɗaga murya ba, na yi alkawari. Takobin yana da kwana goma sha biyu bayan taron, kuma sa hannu ɗaya ne tsakaninsa da injin. Mu biyu mun faɗi namu. Saura mutum ɗaya.

Kada Malam ya amsa mini da wasiƙa, ba zan buɗe ba. Kada ya aika wa kawuna kati, akwatin ya cika. A zauren nan, a gaban mutanen da suka sayi littafinsa, a gaban tsohon da ya shekara talatin yana adana rubutunsa, ya tashi tsaye ya faɗa da bakinsa: rubutun da ke kan katin nan nasa ne ko ba nasa ba? Abin da ke kan takardar nan, karce ne ko kyarkeci?

Muna layin gaba. Ka tashi ka amsa.

Iwanaga Rinpei
mai walda